Daga Kano zuwa Toronto da ɗan tatata: tambayoyi da amsoshi

Mai ƙaura zuwa Kanada daga Kano ba shi da jirgin da zai kai shi kai tsaye. Dole a yada zango, ko a Addis Ababa, ko a Alƙahira, ko a Doha, kuma kafin a taka ƙasar Toronto an cinye fiye da awa 20 a hanya. Babba ma yana jin jiki, balle yaron da bai daɗe da fara tafiya ba.

Dole ne a saya wa yaron kujerarsa?

In bai cika shekara 2 ba, ana iya riƙe shi a cinya, kuma galibi kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin tikitin babba ake biya. Ranar da ya cika 2, sai an saya masa tasa. Ni dai in da hali, ko watansa 18 ne a saya. Ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon jirgi yana da iyakar nauyi, wajen kilo 10 zuwa 11, kuma yawancin masu tatata sun wuce nan. Riƙon yaro mai mutsu-mutsu daga Addis har Toronto, tafiyar da ta haura awa 14, ba wasa ba ne.

Waɗanne takardu ne nasa?

Fasfonsa daban, bizarsa daban. A haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin allurar shawara, wadda ake yi daga wata 9, da katin rigakafinsa na asibiti, don gidajen renon yara a Ontario, lardin da Toronto take, suna tambaya. In maigida ya riga ya yi gaba, uwa ce za ta biyo shi da yaron, ta riƙe wasiƙar amincewarsa mai sa hannu da kwafin fasfonsa.

Me za a sa a jakar hannu?

Nan ne ake yawan tafka kuskure. Ana kwana uku ana auna manyan jakunkuna, ana cire atamfa ana mayar da yaji, sai daren tafiya a cusa wa yaro famfas huɗu a ce ya isa. Manyan jakunkunan nan ba za ki sake ganinsu ba sai Toronto, wani lokacin ma su makara. Saboda haka ki yi lissafin kwana biyu: famfas wadatattu, kayan sawarsa kala uku, leda ta zuba waɗanda suka ɓaci, da riga ɗaya taki, don amai ba ya shawara. Dokar nan ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta hau kan madara da abincin yara ba, sai dai a fito da su a nuna wajen bincike. Ki ɗauki abin da bakinsa ya saba da shi, jirgi ba wurin gwajin sabon abinci ba ne.

Sai zanin goyo. Keken tura yara ana karɓarsa a ƙofar jirgi, kuma ba lallai a ba ki shi a zango ba. Da zani kuwa, kin saɓa shi a baya, hannuwanki biyu na riƙe da fasfo da jaka, shi ko ya yi luf.

Me ya sa suke tsala kuka in jirgi zai sauka?

Kunne ne. Nauyin iska yana canjawa, yaro kuma bai iya haɗiyar yawu da gangan ba. A ba shi nono ko fida ya tsotsa da zarar jirgi ya fara gangarowa, kusan rabin awa kafin sauka. In ana shirin yaye, a ɗaga sai an isa. Maganin mura mai sa barci da wasu ke ɗura wa yara kuwa, kada a ba shi sai da izinin likita. Wasu yaran ma sai ya ƙara musu rigima.

A zango fa?

A sake shi ya yi ta gudu har ya gaji. Baban ya bi shi, uwar ta miƙe ƙafa.

Ana shiga da kilishi?

A'a. Kanada ba ta yarda a shigo da nama daga Najeriya ba, ko kilishi ne ko dambu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, a bayyana su ga jami'an kwastan su duba. Ɓoye abinci na iya jawo tara har dala 1,300 ta Kanada.

Bayan an sauka, yaushe barcinsa zai daidaita?

Toronto na bayan Najeriya da awa 5 a bazararsu, awa 6 a hunturu. Ƙarfe 2 na dare sai ya tashi yana neman kunu, don a cikinsa gari ya waye. Yakan ɗauki kwanaki, wani har mako. A riƙa fitar da shi cikin hasken rana, a rage masa barcin yamma. In a Janairu za a sauka, wanda zai zo tarba ya taho da jibgegiyar rigar sanyi da hula, ya kuma ɗaura kujerar yara a mota, don doka ce a Ontario.