Matan Brazil masu aikin goge-goge a Massachusetts

Matan Brazil masu share gidaje, wanda a yarensu na Fotugis ake ce musu faxineira, su ne kusan suka riƙe aikin shara da goge-goge a gidajen masu hali a yankin Boston da ke jihar Massachusetts ta Amurka, musamman garuruwa irin su Framingham da Somerville da Everett. Hijirar ta yi ƙarfi ne tun shekarun 1980, lokacin da hauhawar farashi ta cinye albashi a Brazil, kuma da yawansu daga garin Governador Valadares na jihar Minas Gerais suka fito. Wata malamar makaranta ce a gida, wata ma'aikaciyar banki, wata ma tana da 'yar aikinta, amma nan ita ce da tsintsiya.

Abin da ya bambanta sana'ar shi ne jerin gidaje. Mace za ta yi shekaru tana tara kwastomomi, wannan gida duk sati, wancan duk sati biyu, har su amince su ba ta mukulli, to wannan jerin ya zama kadara, ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da shago, in mai shi za ta koma gida sai ta kai mai saye gida-gida ta gabatar da ita a matsayin ƙawa ko 'yar uwa, sau da yawa masu gidan ba su ma san an yi ciniki a kansu ba. Ba takarda ba shaida, in kwastoma ya canza ra'ayi bayan wata ɗaya kuɗin mai saye ya tafi ke nan.

A nan aka samu hawa biyu. Mai jerin ita ke da mota da ɗan Turanci, ita ke karɓar kuɗi a hannun mai gida. 'Yar taimako kuwa, galibi sabuwar zuwa mara takardun zama, kuɗin yini ake ba ta a hannu, ta zaga gidaje da yawa a rana ɗaya, banɗaki da kicin nata ne, ba inshora ba hutun rashin lafiya. Gumin nata ne amma darajar tana wajen mai mukulli. Ga kuma sinadaran wanki masu ƙarfi da ke jawo ciwon kai da ƙaiƙayin fata da matsalar numfashi.

Ƙungiyar Brazilian Women's Group, wadda aka kafa a 1995, ta buɗe ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Vida Verde a 2006, inda mata ke haɗa kayan wanki marasa illa da kansu kuma su samu gidaje ba sai sun sayi jeri ba. A 2014 gwamna Deval Patrick ya sa hannu kan dokar haƙƙin masu aikin gida, ta fara aiki a Afrilun 2015: hutun awa 24 a jere duk mako ga mai yin awa 40, da yarjejeniya a rubuce ga mai yin awa 16 zuwa sama. Cikin waɗanda suka yi fafutukar akwai Natalicia Tracy, 'yar Brazil wadda ita ma da renon yara ta shigo ƙasar. Sai dai fa mai tsoron a kore ta daga ƙasar ba kasafai take kai ƙara ba. Daga Yulin 2023 jihar ta fara ba marasa takardu lasin tuƙi, wanda a wannan sana'a ba ƙaramin abu ba ne, tunda mota ce ke raba mai jeri da 'yar taimako.