Alisam

Alisam, wanda masana tsirrai ke kira Lobularia maritima, ɗan ƙaramin fure ne daga dangin kabeji. Asalinsa ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne da tsibiran Kanari. Bai cika wuce santimita 20 a tsayi ba, sai dai ya bazu ya rufe ƙasa kamar tabarma. Furanninsa mitsi-mitsi ne, suna fitowa a dunƙule, yawanci farare, akwai kuma ruwan hoda da shunayya, ƙamshinsu irin na zuma.

Tsiro ne mai son sanyi. A Turai ana shuka shi bayan tsananin sanyi ya wuce, amma a Katsina da Daura lissafin ya sha bamban: lokacinsa hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafin Maris da Afrilu ya kankama sai ya daina fure ya bushe, damina kuwa yawan ruwa kan ruɓar masa da saiwa. Don haka shukar kaka guda ce a nan, kuma jigawarmu mai tsotse ruwa ta dace da shi.

Wurin shuka ne ake yawan kuskure. Irin ƙanana ne ƙwarai, kuma yana buƙatar haske kafin ya tsiro, saboda haka ba a binne shi. A gauraya shi da ɗan yashi, a barbaɗa a saman ƙasa, a danna da tafin hannu. Ruwa yayyafawa ake yi safe da yamma, domin iskar hunturu na busar da ƙasa nan take, kwarara shi kuwa kwashe irin yake yi. Yakan tsiro cikin mako 1 zuwa 2, ya yi fure bayan mako 6 zuwa 8. Taki kaɗan ya isa. In ya yi yawa ganye ake samu, ba fure ba. In furen farko ya ja baya, a aske rabin tsayinsa, zai sake toho.

Amfaninsa bai tsaya ga ado ba, kuma wannan ya kamata masu lambu su lura. Furensa na janyo wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma, wanda tsutsarsa ke cinye ƙwarin darɓa. Shi ya sa manoman latas a Kalifoniya ta Amurka ke shuka shi layi-layi cikin gonakinsu. Masu noman rani a bakin madatsun Ajiwa da Jibiya za su iya gwada shi a gefen fangalin latas da kabeji.