Ranar Waliyyi Patrick

Ranar Waliyyi Patrick biki ne da ake yi kowace shekara a ranar 17 ga Maris don tunawa da Patrick, waliyyin da mutanen Ayilan suka ɗauka a matsayin majiɓincin ƙasarsu, da kuma nuna alfahari da al'adun Ayilan. Asalinta ranar ibada ce ta Kirista, musamman Katolika, amma yanzu ta zama ranar fareti da kiɗa da sanya koren kaya a ƙasashe da dama.

Shi kansa Patrick ba ɗan Ayilan ba ne. An haife shi a Birtaniya lokacin da take ƙarƙashin mulkin Rumawa, ya kuma rayu a ƙarni na 5. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga rubuce-rubuce biyu da ya bari da harshen Latin: Confessio, inda ya ba da labarin rayuwarsa, da wata wasiƙa mai zafi da ya aika wa sojojin wani sarki mai suna Coroticus, waɗanda suka kashe wasu sababbin mabiyan Patrick suka mayar da wasu bayi. Mahaifinsa Calpurnius dikon ne a coci, kakansa kuma firist, wato limamin coci. Yana ɗan shekara kamar 16 mahara suka sace shi zuwa Ayilan, inda ya yi shekara shida yana kiwon dabbobi a matsayin bawa. A can ne, in ji shi, ya kama addu'a dare da rana. Daga baya ya tsere, ya yi tafiyar mil wajen 200 har ya sami jirgin ruwa. Bayan ya koma gida sai ya yi mafarkin mutanen Ayilan suna kiransa, ya koma ƙasar da ta bautar da shi a matsayin bishop. Bisa al'ada, ranar 17 ga Maris ce ranar rasuwarsa, kuma ana cewa kabarinsa yana garin Downpatrick da ke arewacin tsibirin Ayilan.

Labaran da suka fi shahara game da shi sun zo ne daga baya. Ana cewa shi ya kori macizai daga tsibirin, alhali masana sun nuna babu macizai a Ayilan tun ƙarshen zamanin ƙanƙara. Haka kuma labarin cewa ya yi amfani da ɗan tsiron nan mai ganye uku, shamrock, wajen bayyana aƙidar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 18.

A farkon ƙarni na 17 aka sanya ranar cikin kalandar bukukuwan Cocin Katolika. Tana faɗowa ne cikin azumin Kirista na kwana 40, don haka akan sassauta ƙa'idojin azumi a ranar. A 1903 ta zama hutun gwamnati a Ayilan, sai dai bikin gida ya daɗe ba armashi: a je coci, a ci abinci da iyali, kuma shekaru masu yawa doka ta hana buɗe mashaya a ranar.

Shagalin da duniya ta sani a yau 'yan ci-rani ne suka ƙirƙiro shi. A Amurka, an yi bikin a Boston a 1737, aka fara fareti a New York a 1762. Yunwar da ta biyo bayan lalacewar dankalin Turawa a Ayilan, daga 1845 zuwa 1852, ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan ɗaya suka bar ƙasar. A biranen Amurka an raina waɗannan baƙi saboda talauci da kuma Katolikancinsu, sai faretin ya zama hanyar nuna yawansu da ƙarfinsu a siyasa. Tun 1962 birnin Chicago ke rina koginsa kore. Dublin kuwa, babban birnin Ayilan, ba ta yi faretin gwamnati ba sai a 1931, kuma sai a 1997 ta fara bikin kwanaki da dama, wanda a zahiri kwaikwayon na Amurka ne don jawo masu yawon buɗe ido. Akwai masu sukar cewa shaye-shaye da kasuwanci sun danne ibada, kuma suna da hujja. Har yanzu shugaban gwamnatin Ayilan kan kai wa shugaban Amurka kwanon shamrock a Fadar White House, ana kuma gudanar da makonnin ƙarfafa harshen Ayilan daga 1 zuwa 17 ga Maris.

A tsibirin Montserrat da ke yankin Karebiyan ma hutu ne, inda ake haɗa shi da tunawa da tawayen bayi na 1768. Najeriya tana da nata rabon: a 1961 aka ayyana Patrick a matsayin waliyyin Katolikan ƙasar, sakamakon aikin mishan na limaman Ayilan irin su Bishop Joseph Shanahan, shi ya sa makarantu da coci-coci da yawa a ƙasar ke ɗauke da sunansa.