Amincin tsarin fayil a cikin kwamfutar kwaikwayo

Kwamfutar kwaikwayo ita ce wadda manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfuta ta zahiri, ta yadda Windows, alal misali, za ta yi aiki a cikin Linux tana zaton ita kaɗai ce a kan na'urar. Masu wannan sana'a suna kiran ta ciki baƙo, ta waje kuma mai masauki. Dabarar ta tsufa, domin IBM ta fitar da VM/370 tun 1972, amma ba ta game duniya ba sai bayan fitowar manhajojin kwaikwayo irin su VMware Workstation a 1999, Xen da QEMU a 2003, da shigar KVM cikin Linux 2.6.20 a 2007. Tsarin fayil shi ne yadda kwamfuta ke tsara fayiloli a kan faifai, amincinsa kuwa shi ne a tarar da fayiloli da bayanan da ke nuna inda kowanne yake suna nan daidai, ko da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu.

Asalin matsalar

Ajiye fayil guda ba rubutu ɗaya ba ne. Akwai abin da ke cikin fayil ɗin, akwai sunansa a babban fayil, akwai kuma jadawalin da ke nuna gurbin da aka cike da wanda yake fanko. Idan an rubuta ɗaya ba a kai ga sauran ba, faifan ya rikice. Shi ya sa tsare-tsaren fayil irin su NTFS, XFS, ext3 da ext4 suke riƙe da rajista: sukan fara rubuta abin da suke shirin yi, su buga masa hatimin kammalawa, sannan su taɓa ainihin wurin. In an kunna na'ura bayan ɗaukewar wuta, duk abin da ke da hatimi a maimaita shi, wanda ba shi da shi a watsar.

Wannan duka ya rataya ne a kan jeri. Dole abin da ke cikin rajista ya riga hatimin sauka a kan faifai. Don tabbatar da haka, tsarin fayil yakan aika wa faifai umarnin ya juye duk abin da yake riƙe da shi a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, ya kuma jira amsa. Sunan umarnin FLUSH CACHE a faifan ATA, SYNCHRONIZE CACHE a na SCSI. Manhajojin adana bayanai irin su PostgreSQL da SQLite suna neman haka ta hanyar kiran fsync. Da zarar amsa ta dawo cewa an rubuta, tsarin fayil ya gaskata, ya ɗora rubutu na gaba a kanta.

A cikin kwamfutar kwaikwayo, abin da baƙo yake gani a matsayin faifai galibi fayil ne kawai a wurin mai masauki, mai ƙarewa da vmdk ko vdi ko vhdx ko qcow2. Saƙon juyewa sai ya ratsa manhajar kwaikwayon, ya ratsa ƙwaƙwalwar mai masauki da nasa tsarin fayil ɗin, kafin ya isa faifai na gaskiya. Ko'ina a wannan hanya ana iya amsa wa baƙo da "an rubuta" alhali bayanan suna RAM, wato ƙwaƙwalwar da abin da ke cikinta ke gogewa in wuta ta ɗauke.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Baƙo mai ext4 yana rufe rajistarsa duk bayan daƙiƙa 5. Ya aika shafukan rajista, ya nemi a juye, aka ce masa an yi, ya aika hatimi. Mai masauki kuwa ya tara su duka a ƙwaƙwalwa, inda Linux kan bar rubutu ya kai kimanin daƙiƙa 30 kafin ta sauke shi, kuma ba lallai ta bi jerin da ya zo ba. Wuta ta ɗauke bayan hatimin ya sauka, wasu shafukan ba su sauka ba. Rajistar da aka kafa don kariya ta zama shaidar zur.

Abin lura shi ne, idan baƙon ne kaɗai ya faɗi, yawanci ba a yin asara, tunda mai masauki yana nan zai ƙarasa rubutun. Haɗarin yana ga faɗuwar mai masauki ko yankewar lantarki. Don haka saiti marar kyau zai iya shekara bai nuna kansa ba, kuma a inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, kamar Najeriya da Nijar, ranar tonon asirinsa ba ta nisa.

Saitunan ma'ajiyar wucin gadi

QEMU tana da zaɓi biyar. A writeback ana amfani da ƙwaƙwalwar mai masauki, amma ana girmama umarnin juyewa. A none ana tsallake wannan ƙwaƙwalwar, ana kuma isar da umarnin. Shi ne mafi yawan masu kula da sabar suke zaɓa. Writethrough da directsync ba sa amsawa sai kowane rubutu ya tabbata, sun fi aminci ga tsohon baƙon da ba ya aika umarnin juyewa, sai dai suna da nawa. Na biyar, unsafe, watsi yake yi da umarnin gaba ɗaya. Yana da amfani wajen girka tsarin gwaji da za a iya sakewa, amma ɗora bayanan mutane a kansa ganganci ne.

Littafin jagorar VirtualBox, wata manhajar kwaikwayon, ya daɗe yana bayyana cewa akan ƙyale buƙatun juyewa na faifan IDE da SATA saboda sauri, wanda yake so a girmama su sai ya mayar da IgnoreFlush zuwa 0 ta hanyar VBoxManage.

Tsare-tsaren fayil na ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, da Btrfs ba sa rubutu a kan tsohon bayani, kuma suna lissafa lambar tantancewa ga kowane gurbi. Wannan yana sa su gano ɓarna, amma su ma jeri suke dogara da shi. Masu amfani da ZFS a cikin baƙo sukan miƙa masa katin da faifan suke jone da shi kacokan, ta hanyar Intel VT-d ko AMD-Vi, don kada kowa ya shiga tsakani.

Hoton faifai da sauran hanyoyin ɓarna

Ɗaukar hoton faifan baƙo, wato adana yanayin faifan yadda yake a wani lokaci, alhali baƙon yana cikin aiki, daidai yake da zare masa fulogi a wannan daƙiƙar. Rajista za ta gyara tsarin fayil, amma abin da manhajoji ke riƙe da shi a ƙwaƙwalwa bai shiga ba. Maganin shi ne a daskarar da rubutu na ɗan lokaci: fsfreeze a Linux, VSS a Windows, waɗanda manhajojin da ake girkawa a cikin baƙo, qemu-guest-agent ko VMware Tools, ke kira kafin a ɗauki hoton. Hoto kuma ba madadin kwafin ajiya ba ne, domin galibi a faifai ɗaya suke zaune da na asali.

Faifan kwaikwayo mai girma a hankali yana iya gaya wa baƙo yana da gigabait 500 alhali 50 suka rage wa mai masauki. Idan wuri ya ƙare, QEMU takan dakatar da baƙon har a samar da fili, wanda ya fi a mayar masa da kuskure. Dalili kuwa ya fito fili a 2018, lokacin da masu PostgreSQL suka gano cewa idan fsync ya gaza a Linux, maimaita shi na iya dawo da amsar nasara bayan an riga an yi asarar bayanan. Tun farkon 2019 PostgreSQL takan tsaya cak a irin wannan hali, ta farfaɗo daga rajistarta.

Buɗe faifan kwaikwayo guda daga wuri biyu, ko baƙi biyu ko baƙo da mai masauki, yana iya lalata ext4 da NTFS, domin kowane ɓangare yana zaton shi kaɗai ke rubutu. QEMU ta fara kulle fayil ɗin faifai tun sigar 2.10 a 2017. Fayil ɗin qcow2 shi ma yana da nasa jadawalin na ciki da ke iya rikicewa. Ana duba shi da qemu-img check bayan an kashe baƙon, kafin a sa manhajojin duba tsarin fayil, fsck a Linux ko chkdsk a Windows, su duba abin da ke ciki.