Waiwaye: yaushe ƙirgan kofuna ya zama ma'aunin gwarzon tanis?

Duk inda masu kallon tanis suka zauna, gardamar ba ta wuce guda: tsakanin Roger Federer da Rafael Nadal da Novak Djokovic, wa ya fi? Kafin a je ko'ina wani zai jawo lissafi, ya ce Federer kofi 20, Nadal 22, Djokovic 24, magana ta ƙare. Kofunan da ake nufi su ne na manyan gasanni huɗu da ake kira Grand Slam, wato ta Ostireliya, ta Faransa, Wimbledon ta Landan da kuma ta Amurka. Sai dai wannan ma'auni bai daɗe da samun gindin zama ba, kuma ya ci haƙƙin mazan jiya da yawa.

Kafin 1968, duk wanda ya fito fili ya mai da tanis sana'ar neman kuɗi, an haramta masa waɗannan gasanni. Rod Laver ɗan Ostireliya ya share dukkan huɗun a 1962, sannan ya koma wasan kuɗi, ya yi shekara biyar cur ba a bar shi ya taka filayensu ba, alhali yana cikin ganiyarsa. Da aka buɗe ƙofa, ya sake haɗa huɗun a 1969, abin da har yau babu namijin da ya sake yi a shekara guda. Amma a takarda kofi 11 gare shi, yana bayan ɗan ƙasarsu Roy Emerson mai 12, wanda ya tara goma daga cikin nasa a shekarun da Laver ba ya nan. A lokacin ma uku daga cikin gasannin a kan ciyawa ake yin su, da raket na katako.

Björn Borg ɗan Suwidin shi ma 11 ya tsaya: shida a gasar Faransa da ake yi a filin jar ƙasa, biyar a jere a Wimbledon daga 1976 zuwa 1980. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa gasar Ostireliya, domin a zamaninsa manya ba su ɗauke ta da daraja ba, ga nisa. Ya ajiye raket yana da shekara 26. Mutumin da ke farautar adadi ba zai yi haka ba.

Pete Sampras na Amurka ne ya mai da ƙirga abin tinƙaho. Ya sa Emerson a gaba har ya wuce shi a Wimbledon ta 2000, ya rufe da kofi na 14 a 2002. Aka ce za a daɗe ba a ga mai kamo shi ba. Shekara bakwai kacal, Sampras na zaune a cikin 'yan kallo, Federer ya doke Andy Roddick da 16 da 14 a turmi na biyar, ya ɗauki na 15. A ɓangaren mata ma gardamar ke nan: Margaret Court na da 24, amma 11 a gida Ostireliya ta ci su, shi ya sa da yawa ke ɗora Serena Williams mai 23 ko Steffi Graf mai 22 a samanta.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a zamanin mutum ukun nan shi ne yadda kowanne ya tilasta wa ɗan'uwansa sake shiri. Nadal ɗan jar ƙasa ne, a can ya ci kofi 14. Sau biyu Federer na mai da shi gida a wasan ƙarshe na Wimbledon, 2006 da 2007. Ya koma ya gyara bugun farawa, ya koyi matsowa gaba, a 2008 ya ƙwace kofin da 9 da 7 a turmin ƙarshe, duhu ya riga ya fara rufe fili. Federer kuwa shekara da shekaru Nadal na aika masa ƙwallo mai tsalle zuwa kafaɗarsa ta hagu, inda ya fi rauni. Bayan ya haura talatin ya sauya raket zuwa mai faɗi, ya koyi tarar ƙwallon tun kafin ta tashi, a 2017 a gasar Ostireliya a Melbourne, Nadal na gabansa da 3 da 1 a turmi na biyar ya farke ya ci. Djokovic, wanda a da ake masa gorin saurin gajiya, ya sauya cimarsa da horonsa, a 2011 ya kayar da Nadal a wasannin ƙarshe shida a jere.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma Wimbledon ta 2019 ta nuna hakan. Federer na gaba da 8 da 7 a turmi na biyar, shi ke farawa, saura maki ɗaya ya ɗaga kofi, kuma dama biyu gare shi. Fili kusan duka sunansa ake kira. Djokovic ya tsaya, ya cinye makin biyu, daga baya ya ci wasan bayan kusan awa biyar. A jimilla Federer ya fi shi tara maki, 218 da 204, amma waɗanda suka raba gardama duk Djokovic ya kwashe. A ganina wannan ce hujjarsa mafi ƙarfi, ta fi makonni 428 da ya yi a matsayi na ɗaya a duniya, ta fi zinaren Olamfik da ya ci a Paris a 2024.

Federer ya yi ritaya a 2022, Nadal a 2024. A wasan ƙarshe na Faransa a 2025, Jannik Sinner ya ci turmi biyu na farko, ya samu dama uku ta ɗaukar kofi, Carlos Alcaraz ya hana shi duka, ya ci bayan awa biyar da minti 29. Tun ba su kai shekara 25 ba an fara jera kofunansu kusa da 24 na Djokovic.