Maganin sikilar da aka haɗa a Idu, ina labarinsa ya kwana?

In ana hirar sikila a Abujan nan yawanci kan gwajin jinotaif ake tsayawa, AS kar ya auri AS, shikenan an tashi. Ba kowa ya san a nan Idu aka taɓa haɗa maganinta ba.

Ita cutar tun 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da rahoton ɗalibin da ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje, a 1949 kuma Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna matsalar a cikin himoglobin take, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Can aka yi binciken amma nan ciwon ya fi yawa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya.

To a shekarun 1990 ne cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, lokacin Farfesa Charles Wambebe na shugabanta, ta karɓi wani haɗin gargajiya daga hannun Rabaran Paul Ogunyale na jihar Oyo. Kayan haɗin ma in ka ji sai ka yi dariya, masoro ne da kanumfari da karan dafi, sai wani itace da Yarbawa ke ce wa osun. Amma don Allah kar wani ya ji haka ya ɗora tukunya, aikin ai a awon yake, an tace, an gwada kan dabbobi, an gwada kan marasa lafiya, aka ga tashin ciwon yana raguwa, sannan aka sa masa suna Niprisan. A 1998 ya samu shaidar mallaka a Amurka.

Daga nan ne fa labarin ya fara ban haushi. A 2002 aka bai wa kamfanin Xechem lasisi, 2006 Obasanjo da kansa ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan, ana haɗawa a Sheda kan hanyar Lokoja, iyaye suka fara saye suna murna, kwatsam 2008 uwar kamfanin a Amurka ta karye, 2009 gwamnati ta janye lasisin, magani ya ɓace daga kemis. Ni a ganina masu bincike sun yi nasu, harkar kuɗi ce ta kayar da shi. Sai 2018 kamfanin magunguna na May & Baker ya sa hannu da NIPRD, ya dawo da sunan Niclovix.

A tsakanin nan hydroxyurea, wanda asalinsa maganin ciwon daji ne, shi ya cike gurbi, har an gwada shi a asibitin Malam Aminu Kano wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Shi kuwa Casgevy mai gyaran ƙwayar halitta da Amurka ta amince da shi a Disamban 2023, dala miliyan 2.2 ne kuɗinsa, wa zai biya a Nyanya ko Gwagwalada?