Wutar da ake kunna wa baunar Amurka da gangan

A aikinmu na wayar da kai kan ƙunar daji, mun shekara muna ce wa jama'a wuta abokiyar gaba ce. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Akwai wutar da ke rayar da daji, kuma misalin da ya fi fito da hakan fili yana jihar Oklahoma ta Amurka.

Can a yankin Osage, kusa da garin Pawhuska, ƙungiyar kare muhalli mai suna Nature Conservancy ta sayi wata tsohuwar gonar kiwo a 1989, ta mayar da ita gandun ciyayi mai faɗin kusan eka 40,000. A 1993 aka saki bauna 300 a ciki. Wannan dabba, mai katon tozo da gashi kamar bargo, a da miliyoyi ce ke yawo a filayen Amurka, har mafarauta suka kusa ƙarar da ita kafin ƙarshen ƙarni na 19. Yau garken wannan gandu ya kai dubbai.

Masu kula da gandun ba sa ƙone shi gaba ɗaya. Kowace shekara kusan kashi ɗaya cikin uku suke sa wa wuta, gutsure-gutsure, nan da can. Da ciyawa ta toho a inda aka ƙone, sai baunar ta tattaru a wurin, domin sabon toho ya fi laushi, ya fi gina jiki. Duk makiyayi ya san wannan, ba sai an gaya masa ba. Sauran wuraren kuwa sai su samu hutu, ciyawa ta yi tsawo, busasshiya ta taru, har lokacin da za a kai musu wuta. Haka dabba ke bin wuta, wuta kuma ke bin inda dabba ta bari. Masana a Jami'ar Jihar Oklahoma, irin su Samuel Fuhlendorf da David Engle, sun daɗe suna nazarin wannan tsari.

Me ya sa ciyawa ba ta mutuwa? Idon tohonta yana ƙasa, a gindi, wuta ta wuce ta sama. Ƙananan itatuwa masu mamaye fili kuwa, musamman wani itace da ake kira "cedar" da Turanci, wanda ke yaɗuwa a can, wuta ce ke hana su cinye makiyaya. Idan aka daina ƙonewa shekaru, filin ciyawa sai ya zama kurmi, bauna ta rasa abinci.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsuntsaye. Akwai kazar dawa ta can, mai kama da fakararmu, wadda namijinta ke rawar neman mace a gajeriyar ciyawa, macen kuma ta yi sheƙa a cikin doguwa. Tana bukatar duka biyun kusa da juna. Wutar da ta share ko'ina lokaci guda ta hana ta ɗaya.

Ba a kunna wannan wuta da ka. Ana duba ƙarfin iska da inda take kaɗawa, da danshin da ke cikinta. Ana share layi kewaye da wurin. Ana fara kunnawa daga gefen da iska ta nufa, wutar ta riƙa ja da baya a hankali, kafin a kunna ɗaya gefen. Motar ruwa na tsaye, an sanar da maƙwabta. Idan yanayi bai yi ba, a koma gida.

Mu ma muna da makamancin haka. A gandun dajin W na Nijar, inda baunarmu take, ma'aikata kan ƙone wasu sassa da wuri, bayan ɗaukewar damina, ciyawa na da sauran ɗanye, wutar ba ta yin zafi. Ku kwatanta da wadda yaro zai cinna a tsakiyar hunturu don ya kama gafiya: ta ci harawa, ta ci rumbu, ta kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara iska na kwashewa.

Don haka, 'yan uwa makiyaya da manoma, idan kuna ganin makiyayarku na bukatar wuta, kada mutum ɗaya ya yanke hukunci. Ku sanar da mai unguwa da ma'aikacin gandun daji, a zaɓi wuri da rana tare, a share layi, sannan a bar wani sashe ba a taɓa ba.